Aiken Abinci Cikin Hunturu: Haƙƙin Ɗan Aike

Jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo, ga hunturu ya kama. An rubuta wannan 'yar takarda domin a jawo hankalinku bisa wani abu da mu ke yi kullum ba tare da mun tsaya mun auna shi ba, watau aiken wani ya kawo mana abinci sa'ad da mu kanmu sanyi ya hana mu leƙa ƙofar gida. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyaye mata da malaman allo da masu sayar da abinci, don maganar ta fi shafarsu.

Yadda hunturu ya ke a ƙasarmu

Hunturu ya kan fara wajen ƙarshen Nuwamba, ya yi ƙarfi cikin Disamba da Janairu, sa'an nan ya fara saki cikin Fabrairu. Iskarsa daga arewa maso gabas ta ke tasowa, ta ratso Hamada ɗauke da ƙura mai laushi kamar gari. Da yawa daga ƙurar nan daga wani kwari ta ke fitowa a ƙasar Cadi, wanda a ke kira Bodele, inda a zamanin dā ruwan wani babban tafki ya ke kwance. In hazo ya yi kauri, Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya ta kan ba da sanarwa cewa ido ba zai iya hangen abin da ya kai nisan mita 1,000 ba.

A wasu darare ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15. Baƙo daga ƙasar Turai zai ce wannan ba sanyi ba ne, amma mu da mu ke shan zafin da ya wuce digiri 40 cikin Afrilu, tufafinmu da ɗakunanmu duk don zafi aka shirya su. Har wa yau iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, sabo da haka da dare ta kan gangara ta kwanta cikin fadama. Shi ya sa wanda ya bi bakin Gulbin Rima ta Goronyo da Wurno, ko bakin Gulbin Sakkwato ta Rabah, da asuba, ya kan ji ɗarin da mutumin tudu bai ji ba.

To, kuma wannan lokaci shi ne na aiki. Ga ruwan madatsar Goronyo da aka gama ginawa a 1984, ga na Lugu kusa da Wurno, ga rijiyoyin fadama. Da su jama'a ke noman rani, ana ban ruwan albasa da tafarnuwa da alkama da shinkafa. Ma'aikata su kan yi sammako, kuma dole wani ya bi su da abinci.

Su wane ne ke kawo mana abinci?

Na farko su ne yaran gida, waɗanda a ke ɗora wa ƙwaryar koko ko kwanon ɗumame su kai gona. Na biyu 'yan talla, galibi 'yan mata ƙanana, masu yawo da ƙosai da waina da shinkafa da wake. Na uku almajirai, waɗanda a ke aika su sayo tsire ko shayi da burodi da dare, a sallame su da ragowar tuwo. Na huɗu matan Fulani da ke tahowa da nono daga ruga tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Na biyar kuwa sabon abu ne da wayar hannu ta kawo: mutum yana kwance cikin bargo ya buga wa mai abinci waya, ya tura kuɗi ta banki, ya kira ɗan kabu-kabu ya ɗauko masa, ko daga Achida ne ko daga bakin tasha.

Dukan waɗannan abu ɗaya ya haɗa su. Wanda zai ci yana cikin ɗumi, wanda zai kawo yana cikin iska.

Abin da sanyi da hazo ke yi wa ɗan aike

Jikin mutum ya kan ɗumama 'yar iskar da ke tsakanin fatarsa da rigarsa, ita ce ke tsare shi. In ya hau babur yana gudu, iskar hanya ta kan share wannan ɗumi, jiki ya yi ta sabon aiki. Don haka sanyin da mai babur ke ji ya fi wanda ma'auni ya nuna. Yatsunsa su kan sandare har ya yi nawar kama birki, ƙura ta sa idonsa hawaye, hazo kuma ya ɓoye masa rami ko jaki ko amalanke ko motar albasa da ta tsaya ba fitila. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ko wace shekara ta kan gargaɗi direbobi su rage gudu su kunna fitila lokacin hazo. Amma ɗan kabu-kabun da a ke ta bugo wa waya ana cewa abinci zai huce, ina zai tuna da gargaɗi?

Yaro kuwa ya fi babba saurin rasa ɗumin jiki, sabo da ƙanƙantarsa, balle in bai karya kumallo ba, ko ya taka ruwan ban ruwa rigarsa ta jiƙe. Ya kamata a fahimta, ƙwayoyin cuta ne ke kawo mura da ciwon haƙarƙari, amma busasshiyar iska da ƙura su kan raunana cikin hanci da maƙogwaro, su buɗe wa cutar ƙofa. Mai fuka kuma ƙura ta kan tayar masa da ita nan take. Ga faso a ƙafa, ga tsagewar leɓe, ga makara zuwa makaranta.

Akwai kuma abin da ba ya bukatar dogon bayani ga mutanen wannan yanki. Ba a manta da harin da aka kai Tabanni cikin ƙasar Rabah a Yulin 2018 ba, ko wanda aka kai kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Hanyar dare tsakanin ƙauyuka ba wurin aiken ɗan kowa ba ce domin kwaɗayin baki.

Shin a daina aike ke nan?

Mutane sun rabu biyu kan wannan. Wasu sun ce rashin tausayi ne ka aiki wani cikin sanyin da kai ka guje wa, don haka a bari gaba ɗaya. Wasu sun ce in an bari, wa zai ci da ɗan kabu-kabu da iyalinsa? Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mai ya ninka, kuma ranar da bai fita ba tukunyar gidansa ba ta hau wuta ba. Mai waina ma da cinikin safiya ta ke riƙe da 'ya'yanta. Ban da haka akwai tsofaffi da marasa lafiya da masu jego, waɗanda in ba a kai musu ba, ba za su ci ba.

Ko wane ɓangare yana da gaskiyarsa. Aike da ciniki ba laifi ba ne, da su gari ke tafiya. Sai dai wahalar sanyi ita ma kaya ce, kuma tana da kuɗinta. Wanda ya biya ladan ranar lafiya a ranar hazo ya ci guminsa da rahusa. Kada kuma mutum ya fake da cewa ai shi ya yarda. Mai bukata ya kan yarda da abin da bai so ba, kuma yardar mai jin yunwa ba ta ɗauke alhaki daga wuyan wanda ya aike shi. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa ba a ɗora wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa, kuma ba a jinkirta masa ladansa.

Hanya mafi sauƙi ta auna wannan ita ce mutum ya tambayi kansa tambaya biyu kafin ya buɗe baki. Ta farko: bukata ce ko marmari? Ta biyu: da ɗan cikina ne, zan aike shi a wannan sa'a, cikin wannan riga, ta wannan hanya? In amsar ta biyu a'a ce, to, ɗan wani ma ɗa ne.

Babba da yaro ba ɗaya ba ne

Ɗan kabu-kabu baligi ne, yana iya cewa ba zai je ba, yana iya ƙara farashi. Yarinya 'yar shekara tara da uwarta ta ɗora wa tire ba ta da bakin ƙi. Almajirin da iyayensa ke wani gari, wanda abincin darensa ke hannun uwar ɗakinsa, shi ma ba shi da bakin ƙi. Wanda ba ya iya cewa a'a, nauyinsa duka yana kan babban da ya aike shi. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa ko wane yaro karatun shekara 9, kuma a 2021 Jihar Sakkwato ta kafa dokar kare yara. Amma doka ba ta shiga ko wane zaure da asuba. Mai gida da uwar gida da malamin allo su ne masu tsaron wannan ƙofa.

Abin da aka gani a wasu wurare

Ba mu kaɗai ke da wannan magana ba. A manyan birane kamar Legas akwai kamfanoni irin su Chowdeck, wanda ya fara aiki a 2021, da ke haɗa mai saye da mai babur ta waya. A birnin New York na Amurka, inda ƙanƙara ke zuba lokacin sanyi, dubban mutane ne ke kai abinci gida gida bisa keke, yawancinsu baƙi 'yan ci rani. A Satumban 2021, da ruwan guguwar Ida ya ci birnin, an ɗauki hoton wani ɗan aike yana tura kekensa cikin ambaliya da ƙunshin abinci, abin ya tayar da hankalin jama'a. A cikin watan nan majalisar birnin ta zartar da dokokin kare irin waɗannan ma'aikata, kuma a Disamban 2023 aka wajabta wa kamfanonin su biya su mafi ƙarancin lada, wanda a lokacin ya kasance dala 17.96 a sa'a ɗaya. Mu a nan babu kamfani tsakaninmu da ɗan aike. Mun san sunansa, mun san ubansa. Don haka gyaran a hannunmu ya ke, ba sai an jira majalisa ba.

Abubuwan da a ke roƙon jama'a su kiyaye

1. A shirya tun da rana. In an san za a bukaci gari ko ƙosai ko nono gobe, a tanada tun yau, a ajiye ɗumame, domin kada a tashi kowa da duhu.

2. Kada a aiki yaro kafin rana ta fito sosai, ko bayan magariba. Abincin gona ma'aikata su tafi da na safe da kansu, na rana ya bi su bayan hantsi.

3. Kada yaro ya fita sai ya sha abu mai ɗumi, ya sa rigar sanyi da hula da takalmi. Mai tari ko zazzaɓi ko fuka a bar shi a ɗaki, in numfashinsa ya yi sauri a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.

4. Maƙwabta su haɗa aike. In gida huɗu suna son waina, babba ɗaya ya isa ya karɓo musu.

5. Wanda ya kira ɗan kabu-kabu ranar sanyi ko hazo ya ƙara masa a kan ladan da aka saba, ba sai ya roƙa ba, kuma ya biya shi nan take.

6. Kada a matsa masa da waya yana bisa hanya. Abincin da ya huce ana ɗumama shi, ƙashin da ya karye kuwa sai watanni.

7. In ya iso, a fito da sauri a karɓa, kada a bar shi tsaye a ƙofa. In da shayi ko kunu a ba shi.

8. Ranar da hazo ya rufe har ba a ganin bishiyar da ke gaba, a haƙura da aike, sai don mara lafiya ko wanda ba shi da mai taimako.

9. Masu babur su sa hular kwano, wadda hukuma ta tilasta tun farkon 2009, su sa safar hannu, su rufe hanci da baki, su gyara fitila da birki. In hanya ba ta yi ba, su ce ba ta yi ba.

10. Wanda almajiri ke yi wa aike ya ɗauke shi kamar yaron gida: ya ba shi abinci mai zafi, da rigar sanyi, da bargo in da hali.

Kammalawa

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai da shugabannin 'yan kabu-kabu su yaɗa wannan bayani a masallatai da kasuwanni da tashoshi. Malaman makaranta kuma su lura da yaran da ke zuwa a makare suna rawar ɗari, su binciki dalili wurin iyayensu cikin lalama.

Hunturu wata uku ne, zai wuce kamar yadda ya saba. Abin da a ke so shi ne ya wuce ba tare da an kwantar da ɗan kowa a asibiti sabo da ƙosan naira ɗari biyu ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.