Kashi 30 da kashi 11: yadda aka auna amfanin horo a Lome

A watan Satumba na 2017 mujallar Science ta buga sakamakon wani bincike da aka yi a Lome, babban birnin Togo, kan masu ƙananan sana'o'i 1,500. Masana daga Bankin Duniya ne suka gudanar da shi tare da Michael Frese, Bajamushe masanin halayyar ɗan'adam. An kasa mutanen gida uku, 500 a kowane gida, kuma ƙuri'a ce ta yi rabon. Gida na farko ya samu horon kasuwanci irin wanda aka saba, wato ajiye lissafi da tallata haja da kula da yaran shago. Na biyu an hore shi kan himma: mutum ya hango matsala kafin ta iso, ya nemi sabuwar hanya da kansa, kada ya karaya in ya gwada bai dace ba. Na uku ba a koya masa komai ba. An yi darussan a 2014, sannan aka riƙa komawa wurin mutanen da takardar tambayoyi har sau huɗu cikin shekara biyu.

Ribar waɗanda suka samu horon himma ta ƙaru da kashi 30 cikin 100. Ta masu horon da aka saba ta ƙaru da kashi 11, amma masu binciken suka ce wannan 11 ɗin ba abin dogaro ba ne.

Kashi 30 ɗin nan ba da ribarsu ta da aka gwada ta ba, da ribar gida na uku aka gwada, mutanen da suka sha rana ɗaya da su a kasuwa ɗaya cikin watanni ɗaya. Ciniki yana hawa yana sauka ko da horo ko babu. Tela ya san bambancin watan azumi da bayan sallah. A Najeriya hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, saboda haka mai shagon da ribarsa ta ƙaru da kashi 20 a wannan shekara baya ya ci, ko da yake nairorin hannunsa sun fi na bara yawa. Ƙungiyar da ta horar da shi za ta iya rubuta wannan kashi 20 a rahotonta da zuciya ɗaya, ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta auna horonta ba. Ƙuri'ar ma da dalilinta. Da an bar kowa ya zaɓi gidansa, masu zafin nema ne za su cika ajin horo, kuma irinsu ko ba a koya musu komai ba za su tsere wa sauran.

To me ya hana a yarda da 11? Duk alƙalamin da aka samo daga samfurin mutane yana da rawa a jikinsa. A tambayar e ko a'a, idan ƙuri'a ta zaɓo mutum 100, amsar na iya kauce wa gaskiya da maki kusan 10 sama ko ƙasa. Da mutum 400 kaucewar ta koma 5, da 1,000 ta koma wajen 3. Wato sai an ninka mutane sau huɗu kafin a rage kuskure da rabi, shi ya sa bincike mai kyau yake da tsada. Riba kuwa ta fi e ko a'a rawa nesa ba kusa ba, don cikin mutum 500 akwai mai samun abin cefane kawai, akwai wanda kwangila ɗaya ta ɗaga shi a wata guda. Cikin irin wannan hawa da sauka, tazarar kashi 11 na iya zama amfanin horo, na iya zama sa'a. Binciken bai ce horon da aka saba banza ne ba. Cewa ya yi ba a iya rantsuwa a kan amfaninsa da waɗannan alƙaluma, alhali tazarar 30 ta yi girman da sa'a kaɗai da wuya ta kawo ta.

Yanzu a dubi yadda aka fi auna horo a wurarenmu. Ranar rufe bita, kafin a raba satifiket da kuɗin mota, sai a miƙa wa mahalarta fom su nuna ko sun gamsu. Tun 1959 Donald Kirkpatrick na Jami'ar Wisconsin ya kasa auna horo hawa huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, abin da suka canja a bakin aiki, da abin da ma'aikata ko kasuwanci ya ƙaru da shi. Fom ɗin ranar rufewa a hawa na farko ya tsaya, binciken Lome kuwa na huɗu ya taka. Da hawa na farko yana nuna sauran, da an huta. Amma nazarin da George Alliger da abokan aikinsa suka fitar a 1997, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya gano cewa alaƙar jin daɗin horo da koyon wani abu a cikinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Tambayar da ta ɗan fi nuna abin da zai faru a bakin aiki ita ce ko mutum yana ganin abin zai yi masa amfani a aikinsa. A ƙasar Hausa akwai ƙarin nauyi a kan wannan fom, wato kara. Mutumin da aka karrama, aka ciyar, malamin kuma yana tsaye a gabansa, ba zai rubuta cewa an ɓata masa lokaci ba, kuma tarbiyya ce ta hana shi. A ganina laifi ne a ɗauki kyakkyawar ɗabi'ar mutane a mayar da ita shaidar nasarar shiri.

Akwai kuma batun wanda ya amsa da wanda ya yi shiru. A ce an horar da mutum 200, bayan wata shida aka tura musu tambayoyi ta WhatsApp, 50 suka amsa, 45 daga cikinsu suka ce sana'arsu ta ci gaba. Rahoto zai ce kashi 90. Abin da aka tabbatar dai 45 ne cikin 200, kashi 22.5. Sauran 150 ba a san halinsu ba, kuma wanda jarinsa ya karye ko ya sayar da wayarsa ya fi kowa dalilin yin shiru. Mai sayen hatsi a kasuwar Dawanau ba ya yarda da abin da ke bakin buhu, sai ya soka ƙarfe ya zaro daga tsakiya da gindi. Yawan amsa ba ya maganin wannan. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardu miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce Alf Landon zai ci zaɓen shugaban ƙasa da kashi 57. Franklin Roosevelt ne ya ci, da jihohi 46 cikin 48. Daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci ta kwaso yawancin sunayen, a zamanin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma waɗanda ke fushi da gwamnati sun fi zumuɗin mayar da takarda.

Ita kanta tambayar riba sai da dabara. Ɗan kasuwa ba ya son faɗin abin da yake samu, ko don haraji ko don baki, da yawa kuma aljihun gida da na shago ɗaya ne. Suresh de Mel da David McKenzie da Christopher Woodruff sun gwada wannan a Sri Lanka, suka buga a 2009. Abin da suka samu shi ne tambaya guda kai tsaye, nawa ya rage maka a watan jiya bayan ka cire abin da ka kashe, ta fi kusa da gaskiya a kan dogon lissafin ciniki da kashe-kashe ɗaya bayan ɗaya. Sun kuma lura mutane na rage kusan kashi 30 daga cinikin da suke faɗa. Wannan ragi ba ya rusa gwaji irin na Lome matuƙar duk gidajen suna ragewa daidai, tunda tazarar da ke tsakaninsu ake nema.

Masu shirya horo sukan ce ba za su iya hana wasu don a samu abin kwatance ba. Amma kusan kullum masu nema sun fi gurbi yawa, ana hana wasu ko an so ko ba a so, kuma ƙuri'a a bainar jama'a ta fi sanayya adalci. An taɓa yin haka a Najeriya. Gasar YouWiN da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2011 ta samu masu nema kusan 24,000, aka ba 1,200 tallafin da ya kai kimanin dala 50,000 kowane, kuma sama da 700 daga cikinsu ƙuri'a ce ta fitar da su daga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. McKenzie ya bi sawun waɗanda suka dace da waɗanda ba su dace ba har shekara uku. A cikin masu sabon kasuwanci, rabon waɗanda harkarsu ke tafiya a gidan da ya samu tallafi ya ɗara na ɗaya gidan da maki 37, rabon masu ma'aikata goma ko fiye kuma ya ɗara da maki 23.