Gaskiya ko Jita-jita: Dakashi, Ruwa da Bulumboti a Ƙasar Ƙonni

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza, Galmi da Illela, da wuya ka sami gidan da ba a shayar da jariri nonon uwa. Matan yankin nan suna shayarwa, kuma suna daɗewa suna yi. Inda gizo yake saƙa shi ne abin da ake haɗa wa nonon a watannin farko. Binciken lafiyar al'umma na ƙasar Nijar na 2012 ya nuna kashi 23 cikin 100 kacal na jariran da ba su kai wata shida ba ne ke shan nono zalla. Sauran akwai ruwa a cikinsu, ko bauri, ko nonon akuya, ko koko. Bari mu auna maganganun da ake yi a ɗakin jego da abin da likitoci suka tabbatar.

"Dakashi gurɓataccen nono ne, a tatse a zubar." Jita-jita ce, kuma mai tsada. Wannan nono mai kauri, mai launin ɗorawa, da ke fitowa a kwana biyu zuwa uku na farko, cike yake da sinadaran garkuwa da ke lulluɓe hanjin jariri su tare ƙwayoyin cuta, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke kiran sa rigakafin farko. Yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Kakanni sukan ce ai ɗan kaɗan ne, ba zai ƙosar ba. To, cikin jariri a ranar haihuwa ba ya ɗaukar fiye da mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya, wato cokalin shayi da 'yan kai. Allah ya auna abincin daidai da mazubinsa. Wani bincike da aka yi a karkarar Gana, aka wallafa a 2006, ya ƙiyasta cewa za a iya kauce wa kashi 22 cikin 100 na mutuwar jarirai a watan farko da a ce kowa ya kama nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Saboda haka gwajin da ake yi na tatsa nono a ƙoƙo a jefa tururuwa, ko a ɗiga shi a kan wuƙa mai zafi don a gano ko yana da kaikai, ba ya nuna komai. Tururuwa na iya nutsewa a kowane irin ruwa. Kwanakin da ake kwashewa ana wanke nono da saiwoyi, jariri na shan na akuya, su ne kwanakin da gudawa ke samun ƙofa.

"Da wannan zafin, yaro zai mutu da ƙishirwa in ba a ba shi ruwa ba." Wannan ita ce maganar da ta fi kama hankali, kuma ban ga laifin mai faɗin ta ba. Wanda ya san Ƙonni a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, zai ji kamar rashin imani ne a hana jinjiri ruwa. Duk da haka jita-jita ce. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, kuma wanda ke fara zubowa in yaro ya kama ya fi tsinkewa, shi ke kashe ƙishi. Jariri in ya ji zafi yakan nemi nono akai-akai, ya ɗan tsotsa ya saki; shan ruwansa ke nan. Kurɓin ruwan randa kuwa yana yin ɓarna biyu: ya cika ɗan cikin da ya kamata nono ya cika, ya kuma shigo da duk abin da ke cikin rijiya, jarka ko moɗa. Ba mu manta da kwalarar 2021 da ta ratsa jihar Tawa ba. Wannan matsala ta ruwa ce ta sa UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinsu suka ƙaddamar da gangamin nono zalla ba ruwa a Abijan a watan Nuwamban 2019, domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Mai buƙatar ruwa da yawa ita ce uwar. A ajiye mata kofi kusa da gado. In ana son a tabbatar yaro na samun isasshe, a duba fitsarinsa: in yana jiƙa tsumma kamar sau shida a wuni da dare, ba ƙishirwa tare da shi.

Batun rubutu da zamzam da dabino yana son lalama. Ɗan shafa taunannen dabino a dasashi daban, ɗura wa jariri moɗa guda ta ruwa daban. A ganina uwa ta sha rubutun, a tofa wa yaro addu'a, a sa shi a nono ba tare da jinkiri ba. Zuma kam a jira sai ya shekara, domin tana iya ɗaukar ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri.

"Kunun kanwa ke kawo ruwan nono." Kunu abinci ne, mai jego tana buƙatar sa. Kanwar ce abin tsoro. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin jami'ar Zariya suka danganta yawan shan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, mai zuwa da kumburi da haki. Abin da ke kawo nono tsotso ne. Kamar rijiyar fadama yake, yawan ja ke sa ta ɓuɓɓugo. A ba yaro sau 8 zuwa 12 a wuni da dare, ya buɗe baki sosai ya kama har baƙin da ke kewaye da kan nonon, haɓarsa na taɓa mama. Tsagewar kan nono galibi daga mugun kamu take.

"Madarar gwangwani ta fi sa yaro ƙiba, ita ce ta 'yan gayu." Jita-jita. Tana da ranarta: uwa ta rasu, ko tana kwance, ko likita ya ba da umarni. Amma a san nauyin da aka ɗauka. Jariri na cinye kimanin kilo 20 na garin madarar a wata shida na farko, gwangwani 40 masu giram 500. Talaka in ya ga gwangwani na ƙarewa sai ya rage awo ya ƙara ruwa, daga nan tamowa ta kama hanya. Madarar shayi irin su Nido ta manya da madarar ruwa mai sukari ba abincin jinjiri ba ce, komai arharta a kasuwar iyaka. Wanda ya zama dole ya haɗa, ya wanke hannu da sabulu, ya tafasa ruwa, ya zuba garin tun ruwan bai huce ƙasa da digiri 70 ba, don garin kansa na iya ɗaukar ƙwayar cuta, ya bi awon da ke jikin gwangwani, ya bar ta ta huce kafin ya bayar. Abin da ya yi saura a zubar, kada a ajiye wa anjima. Shi kuma bulumboti, lungun robarsa ba ya wankuwa sai da buroshi da tafasawa kowane lokaci, ga ƙuda ga ƙura. Ƙaramin kofi marar murfi ya fi shi tsabta, kuma ko bakwaini na iya sha da shi in an koya wa uwa. Matar da za ta gonar albasa ko kasuwa tana iya tatsa nata a kofi mai tsabta ta rufe, a ba yaro cikin 'yan awanni kaɗan.

Sai ta ƙarshe: "In ciki ya shiga, nono ya zama guba." Ba ya zama. Mai lafiyayyen ciki tana iya ci gaba da shayarwa in tana cin abinci sosai. Yaye na dare ɗaya, a kai yaro gidan kaka, shi ke kayar da shi, sai a ɗora wa nono laifi.

Mai haihuwar fari ba ta iya musu da uwar miji a ɗakin jego, kowa ya sani. Don haka kiran nan na iyayenmu mata ne da ungozomomi da magidanta: ku raka ta awo, ku ji bayanin da kunnenku, ku bar jariri da nono zalla har wata shida, sannan a haɗa da abinci a ci gaba har shekara biyu.