Yadda Halittu Ke Cin Juna A Gona Da Amfanin Hakan Ga Manomanmu

Kamar yadda jama'a suka sani, babu wata halitta a gona ko a daji da ke rayuwa ita kaɗai. Fara tana cin ganyen shuka, ƙadangare da shamuwa suna cin fara, shaho kuma yana ɗauke ƙadangare. Balbela na bin garken shanu ne domin ta tsinci ƙwarin da ƙafafunsu ke tayarwa daga ciyawa. Mujiya, wadda mutane da yawa ke ƙyama, ɓeraye take kamawa da dare a kusa da rumbu. Wannan tsari na wane ke cin wane shi ne masana ke kira sarƙar abinci, kuma tun shekarar 1927 wani masani ɗan Ingila mai suna Charles Elton ya yi cikakken bayani a kansa a cikin littafinsa na nazarin zaman dabbobi. Abin da ya shafi manomi a cikin wannan ilimi shi ne, kusan kowane ƙwaro mai ɓarna yana da wanda ke cin sa, kuma galibi ɓarna kan yi tsanani ne a lokacin da mai cin nan ya yi ƙaranci ko ya makara.

Misali mafi girma a nahiyar Afirka shi ne na rogo. A shekarar 1973 aka fara ganin wani ƙwaro fari mai kama da garin auduga yana tsotse ganyen rogo a yankin Kongo. Cikin 'yan shekaru ya bazu zuwa ƙasashe da dama har da Nijeriya, inda a wasu gonaki asarar ta kai kashi 80 cikin ɗari. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, kamar yadda shi kansa rogon daga can ya zo. A can ba ya yin wata ɓarnar a-zo-a-gani, domin akwai masu cin sa. A nan kuwa ya iso ba tare da abokan gabarsa ba. Masu bincike sun bi sawunsa har ƙasar Faraguwai, suka samo wani ɗan ƙaramin zanzaro da ke saka ƙwansa a cikin jikin ƙwaron. Bayan an gwada shi an tabbatar ba zai cutar da wata halitta mai amfani ba, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IITA ta sake shi a Ibadan a shekarar 1981, daga bisani aka yaɗa shi zuwa ƙasashe fiye da 20. Ƙwaron bai ƙare ba, yana nan har gobe, amma ya daina zama annoba. Dokta Hans Herren wanda ya jagoranci aikin ya samu lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

To amma abin da ya fi kusa da mu shi ne gero. Duk manomin da ya taɓa ganin zangarniyar gero da wata hanya da ta nannaɗe ta kamar an murza igiya, tsaba ta zube a wurin, ya san aikin tsutsar zangarniya. Wani malam-buɗe-littafi ne na dare ke saka ƙwai a kan gero daidai lokacin da yake fitar da kai. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta shige tsakanin fure tana yanke shi, idan ta ƙoshi sai ta sauko ta shiga ƙasa, ta kwanta a can duk tsawon rani har damina ta zagayo. An lura cewa ɓarnarta ta ƙaru sosai a yankin Sahel bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974. Feshi bai cika yin tasiri a kanta ba, saboda tana ɓoye a cikin zangarniya, gero kuma ya riga ya fi tsayin mutum, sannan kuɗin maganin kan fi ƙarfin mai ƙaramar gona.

Ita ma wannan tsutsa tana da mai cin ta, kuma ba daga waje aka kawo shi ba, ɗan ƙasa ne. Wani zanzaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa girma ba, wanda masana ke kira Habrobracon hebetor. Macen takan harbi tsutsar ta shanye mata jiki, sannan ta saka ƙwai a kanta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Wanda ya taɓa fasa ɗakin laka da zanzaron gida ke ginawa a jikin bango, ya tarar da tsutsotsi a sume a ciki, ba zai yi mamakin wannan ba, ɗabi'ar kusan ɗaya ce. Matsalar ita ce, da rani abincinsa kan yi ƙaranci, yawancinsu su mutu, saboda haka kafin su sake yawa da damina tsutsa ta riga ta gama aikinta.

A kan wannan giɓi ne masu bincike na Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso da Mali suka yi aiki, musamman daga shekarar 2006, kuma cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi ta taka muhimmiyar rawa. Dabarar ba ta da tsada. Ana kiwon zanzaron a ɗaki a kan wata tsutsa mai cin hatsin ajiya. Idan gero ya fara fitar da kai, sai a zuba ɗan gero da gari a cikin ƙaramin buhun algarara, a sa tsutsar 25 da matan zanzaro 2, a ɗaure, a rataye a jikin bishiya ko rumbu. Cikin kwanaki kaɗan sababbin zanzaro za su riƙa fitowa ta ƙofofin buhun suna bazuwa cikin gonaki. Buhu 15 ake sa wa ƙauye guda. Wani bincike da Farfesa Ibrahim Baoua da abokan aikinsa suka wallafa a 2014 ya nuna ƙarin tsaba da ya kai kashi 34 cikin ɗari inda zanzaron ya kama tsutsar. Ya kamata a lura cewa zanzaro bai san iyakar gona ba, saboda haka aiki ne na gari baki ɗaya, ba na mutum ɗaya ba, kuma dole ne a riƙa maimaita shi.

Bugu da ƙari, akwai ɓangaren da ya fi dacewa manomanmu su yi hattara da shi, wato feshin da ba a auna ba. Yawancin magungunan da ake sayarwa a kasuwanni ba sa bambance mai ɓarna da mai taimako. Idan aka fesa, gizo-gizo da zanzaro da ƙaramin ƙwaron nan ja mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke cin darɓa duk sukan mutu tare. Mai ɓarna kuwa ya fi saurin hayayyafa, sai ya dawo ya tarar da fili babu mai tsare shi. Haka ta faru a gonakin shinkafa na ƙasar Indunusiya, inda yawan feshi ya ƙara wa wani ƙwaro mai tsotsar shinkafa ƙarfi, har gwamnati ta hana amfani da magungunan ƙwari 57 a kan shinkafa a shekarar 1986. A ƙasar Sin ma an yi gangamin kashe gwarare daga 1958 bisa zargin suna cin hatsi, sai fara da sauran ƙwari suka yi yawa, aka dakatar da gangamin a 1960. A ganinmu, duk wanda ke shirin kawar da wata halitta daga gona, ya kamata ya fara tambayar me take ci.

Wannan ba yana nufin kowa ya kwaso wata halitta daga wani wuri ya saki ba. A shekarar 1935 an kai wani babban kwaɗo ƙasar Ostireliya domin ya ci ƙwaron rake. Bai yi maganin ƙwaron ba, ya kuma zama bala'i ga dabbobin ƙasar saboda dafinsa, har yau ana fama da shi. Shigo da sabuwar halitta aikin cibiyoyin bincike ne da hukumomin da doka ta ɗora wa alhaki.

Haka kuma ba ana cewa a daina feshi kwata-kwata ba ne, domin wake, alal misali, da wuya ya yi kyau idan ba a kare shi ba lokacin fure. Abin da ake buƙata shi ne manomi ya zagaya gonarsa ya duba kafin ya ɗauki famfo, ya tabbatar da irin ƙwaron da yawansa, ya bi ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba, ya kuma yi feshin da yamma lokacin da ƙudan zuma suka koma. A bar wasu bishiyoyi da shingen gona domin tsuntsaye su samu wurin sauka, a kuma ja kunnen yara kan harbin mujiya da balbela da danƙo. Wanda ya ga ƙwaron da bai gane ba, ya sa shi a cikin kwalba ya kai wa malamin gona na yankinsa, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumarsa, kafin ya sayi magani.