Kundin Sunayen Intanet: Me Ya Sa Maiduguri Ke Buƙatar Kwafi a Wani Gari?

Da asubahin 10 ga Satumba, 2024, ruwan madatsar Alau ya mamaye Maiduguri. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Kafin nan, a Janairun 2021, 'yan ta'adda sun tarwatsa turakun wutar da ke kan hanyar Damaturu, garin ya shafe watanni cikin duhu. A Mayun 2013 kuwa, bayan ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layukan wayar salula a Borno na tsawon watanni. Duk wanda ke sayar wa jama'a intanet a wannan gari, ko yake riƙe da shafin wata makaranta ko asibiti, ya san katsewa ba labarin ƙanzon kurege ba ne. Amma akwai wani ɓangare na aikin da ba kasafai ake kula da shi ba, kuma shi ne mafi arhar gyara: kundin sunaye, wanda masana ke kira DNS.

Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ɗalibi ya rubuta unimaid.edu.ng a wayarsa, sai an tambayo wata na'ura lambar da ke bayan sunan kafin shafin ya buɗe. Paul Mockapetris ne ya tsara wannan hanya a Amurka a 1983. Kowane suna yana da na'urorin da aka ba amanar amsa tambaya a kansa. Ɗaya ce babba, a cikinta ake rubutu da gyara; sauran mataimaka ne, suna kwafar abin da ke cikinta suna amsa wa masu tambaya daidai da ita. Hukumar NiRA, mai kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, wadda aka kafa a 2005, tana riƙe da bayanin na'urorin da ke amsa wa kowane suna, amma inda mai suna zai ajiye su, wannan zaɓinsa ne.

A nan ake tafka kuskuren. Ƙaramin kamfani zai kafa babba da mataimakiya a ɗaki guda, kan janareta guda, kan layin faiba guda, ya ce yana da biyu. Tamkar ɗan kasuwa ne da ya kwafi littafin bashinsa, sannan ya ajiye asali da kwafin a durowa ɗaya cikin shago; ranar da gobara ta tashi, kamar wadda ta cinye kasuwar Monday a Fabrairun 2023, duka biyun za su tafi. Tun a 1997 injiniyoyin intanet suka fitar da takardar RFC 2182, wadda ta ce a raba na'urorin nan a wurare mabambanta da layuka mabambanta. Manya ma sun ji jiki. A Janairun 2001 shafukan Microsoft sun ɓace kusan yini guda saboda na'urorin sunayensa suna bayan hanya ɗaya. A ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke na kusan awa shida, bayan da wani kuskure a cikin gida ya sa duniya ta kasa kaiwa ga na'urorin sunayen kamfanin.

Wani zai ce, in ruwa ya ci ofis ai shafin ma ya tafi, me kwafin suna zai tsinana? Tambaya ce mai kyau, amma ta manta yadda ake aiki yanzu. Hukumomi da makarantu da ƙungiyoyin agaji da dama saƙonninsu na imel suna wurin Google ko Microsoft, shafinsu yana Legas ko Turai. Waɗannan duka lafiyarsu ƙalau ko da Maiduguri ta nutse. Abin da zai kashe su shi ne rashin mai faɗin inda suke. Ranar da ake neman haɗa masu kawo tallafi da masu karɓa, ranar ce imel ɗin ƙungiya zai tsaya cak saboda wata ƙaramar na'ura a ɗakin da ruwa ya shiga. Wannan asara ce da ba ta da dalili.

Kai komai ƙasar waje ma ba mafita ba ce. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da kamfanonin waya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A ganina na'urori uku ne daidai: ɗaya a gari, ɗaya a wani birnin Najeriya kamar Kano ko Abuja, inda cibiyar musayar intanet ta IXPN ke da rassa, ɗaya kuma a wajen ƙasa.

Kafa mataimakiya aikin rabin yini ne ga ƙwararre. Riƙe ta shi ne aikin. Kowane kundi yana da lambar bugu. In an yi gyara a babba sai a ƙara lambar, ta sanar da mataimaka su zo su kwafa. In ma'aikaci ya manta ƙara lambar, mataimakiya za ta ci gaba da raba tsohon bayani ba tare da kowa ya ankara ba. Ana kuma sa mabuɗin sirri tsakanin na'urorin don kada wani ya kwashe kundin ko ya cusa na bogi. Sai wa'adin ƙarewa, wanda shi ne ya fi shafar Borno. Mataimakiya ba za ta ci gaba da amsa tambaya har abada ba in ta daina jin ɗuriyar babba. In wa'adin ya cika, sai ta yi shiru. Da yawa suna barin sa a mako guda kamar yadda suka tarar. Shawarar da injiniyoyin intanet suka bayar a 1996 ita ce mako biyu zuwa huɗu, kuma garin da ya taɓa yin watanni ba wuta bai kamata ya sa ƙasa da huɗu ba. Wasu ma sukan mayar da babbar can nesa, ta yadda za a iya gyara kundin daga ko'ina.

Batun farashi kuwa, ana yin sa iri biyu: ko a kan kowane suna, ko a kan yawan tambayoyin da aka amsa. Amazon ya daɗe yana haɗa biyun, yana karɓar santi 50 na dala a wata kan kowane suna a sunaye 25 na farko, da santi 40 kan tambaya miliyan ɗaya. Hurricane Electric yana ba da aikin mataimakiya kyauta. Wannan ya nuna na'urar kanta ba ta da tsada. Abin da ake saya shi ne mutumin da zai lura kwafi ya tsaya, ya ɗaga waya da ƙarfe biyun dare, ya share sunan abokin cinikin da ya tashi bai yi sallama ba.

Don haka na fi son kamfanin da zai yi wa 'yan'uwansa wannan hidima ya sa kuɗi a kan kowane suna, a naira, shekara-shekara, da ragi ga mai sunaye da yawa. Lissafi kan yawan tambaya yana da haɗari ga ƙaramin kamfani, domin in maƙiya suka yi masa ruwan tambayoyin bogi, irin harin da aka kai wa kamfanin Dyn a Oktoban 2016, shi za a miƙa wa takardar biya. Dala kuma ba abin jingina ba ce: a farkon 2023 tana kusan naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. A rubuta a yarjejeniya cewa ba za a sauke sunan kowa saboda bashi ba sai an ba shi sanarwa da wa'adi.

Akwai ma hanyar da ba ta cin ko sisi, wadda masu intanet na farko suka rayu a kanta: riƙe min in riƙe maka. Kamfanin Maiduguri ya ajiye kundin na Kano, na Kano ya ajiye nasa. Jami'o'in Maiduguri da Zariya da Sakkwato za su iya yin haka a tsakaninsu.

Shugabannin makarantu, asibitoci da ƙungiyoyi, ku kira mai kula muku da shafi tun kafin damina ta kankama, ku tambaye shi garuruwan da na'urorin sunanku suke da kuma wa'adin da ya sa musu. In duka suna Maiduguri, ku sa a kai ɗaya wani gari cikin wannan watan.