Tambaya Ɗaya, Amsa Biyu: Binciken Wasiƙu a Gmail

Daga cikin al'amuran da kan ɗaure wa masu rubuta manhajar kwamfuta kai akwai wannan, cewa mutum zai rubuta kalmomin bincike a shafin Gmail ya sami wasiƙunsa, sa'an nan ya aika da waɗannan kalmomi, ba ƙari ba ragi, ta kafar da kamfanin Google ya buɗe wa manhajoji a shekarar 2014, wadda ake kira API, sai amsa ta zo masa da wani adadi dabam, alhali kuwa akwatin wasiƙun guda ne.

Asalin saɓanin shi ne, shafin an gina shi domin ɗan Adam, saboda haka yakan duba maƙasudin mai tambaya, ita kuwa kafar manhaja, kamar malamin da ya tsaya a kan zahirin nassi, ba ta yin tawili. Ma'aikacin da ofishinsu ya ba shi adireshi na asali da kuma na laƙabi, idan ya nemi abin da ya aika da na asalin, shafi zai haɗo masa har da wanda ya fita da laƙabin, amma kafar ba za ta kawo kome ba face abin da aka ambata mata. Haka kuma shafi yakan tara wasiƙa da amsoshinta a jeri guda, ya yi bincike a kan jerin baki ɗaya, irin binciken da kafar ba ta yi.

Mas'alar da ta fi shafarmu, a ganina, ita ce ta lokaci. Idan aka ba kafar kwanan wata, takan fara lissafin ranar ne daga tsakar daren yammacin Amurka, inda hedikwatar Google take, wanda ya yi daidai da ƙarfe takwas ko tara na safe a Kano da Damagaram. Ke nan ɗan kasuwar da manhajarsa ke ƙidaya masa wasiƙun ranar Litinin, duk abin da ya shigo kafin wannan sa'a ta safe, ko da bayan sallar Asuba ne, za a jingina shi ga Lahadi, kuma ba zai ankara ba, domin babu wani gargaɗi da zai bayyana. Maganin da kamfanin da kansa ya bayar shi ne a rubuta lokacin da adadin sakan da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu, 1970, lissafin da bai san gabas ko yamma ba.

Sauran abin da ke ruɗa sababbin shiga shi ne, kafar ba ta miƙo sakamako a lokaci guda: 100 take bayarwa bisa al'ada, ba ta wuce 500 ko an roƙa, sai a koma a nemi ci gaba, jimillar da take faɗa kuwa ƙiyasi ce kawai.