Ga ƙoshi ga kwanan yunwa: labarin yankin Neja Dalta

Kogin Kwara, wanda ya ratsa birnin Yamai ya wuce ta Gaya, ba ya tsayawa sai ya kai teku. Bayan ya shiga Nijeriya ya haɗu da kogin Binuwai a Lokoja, sai ya gangara kudu, inda ya rarrabu ya zama rassa da ƙoramu barkatai masu ratsa fadama da kurmi kafin su zuba cikin tekun Atalantika. Wannan wuri shi ake kira Neja Dalta. Mutanensa, watau Ijo da Ogoni da Itsekiri da Urhobo da sauransu, tun kaka da kakanni masunta ne da manoman rogo da doya da kwakwar manja. A ƙarƙashin ƙasarsu ne kuma Nijeriya take haƙo man fetur, wanda ya daɗe yana kawo mata mafi yawan kuɗin da take samu daga cinikin ƙetare.

Wanda ya ji haka zai zaci mutanen wurin sun fi kowa jin daɗi. Amma a ƙauyuka da yawa na yankin babu ruwan sha mai tsabta, babu lantarki mai ɗorewa, babu hanyar da mota za ta bi ta kai majinyaci asibiti. Kuma ba a rasa ware musu kuɗi ba. An ware, an kafa hukumomi, an yi dokoki. Tambayar ita ce, ina kuɗin suka shiga?

Daga rijiyar Oloibiri

A shekarar 1956 ne kamfanin Shell-BP ya tarar da mai a Oloibiri, wani gari da ke cikin jihar Bayelsa ta yanzu, aka kuma fara fitar da shi ƙetare a 1958. A wannan shekara ta 1958 wani kwamiti da Turawan mulkin mallaka suka naɗa, a ƙarƙashin Henry Willink, ya ba da rahotonsa game da koke-koken ƙananan ƙabilu. Kwamitin ya tabbatar cewa yankin yana cikin talauci, an kuma yi watsi da shi, ya ba da shawara a ba shi kulawa ta musamman saboda wuyar aiki a cikin fadama. Bisa ga wannan shawara aka kafa hukumar farko ta raya yankin a 1961. Sai dai aikinta bincike ne da ba da shawara kawai, ba ta da ikon zartarwa, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ƙarasa dusashe ta.

A farkon mulkin kai, tsarin mulki ya ce a mayar wa yankin da aka haƙo ma'adini rabin kuɗin da aka samu na haƙƙin haƙowa. Da mai ya yi daraja, sai gwamnatocin soja suka yi ta zaftare wannan kaso: ya koma kashi 45 cikin ɗari a 1970, ya koma kashi 20 a 1975. Zuwa 1982 abin da aka keɓe domin raya wuraren da ake haƙo mai bai wuce kashi 1.5 cikin ɗari ba. Ita kuwa rijiyar Oloibiri, bayan shekaru kimanin 20 ta daina ba da mai, kamfani ya kwashe kayansa, aka bar garin da kan famfo mai tsatsa.

Hukuma bayan hukuma

A 1992 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa sabuwar hukuma mai suna OMPADEC, aka ware mata kashi 3 cikin ɗari na kuɗin mai. Kafin ƙarshen mulkin soja a 1999 ta mutu, ta bar bashi da ayyuka rututu waɗanda aka fara ba a gama ba. Da farar hula suka dawo, tsarin mulkin 1999 ya ce a ba jihohin da ke da mai aƙalla kashi 13 cikin ɗari na kuɗin da aka samu daga ƙasarsu. A shekarar 2000 kuma shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa Hukumar Raya Neja Dalta, wadda aka fi sani da NDDC, mai hedikwata a Fatakwal, domin ta yi wa jihohi tara aiki. Doka ta ce gwamnatin tarayya za ta riƙa zuba mata kuɗi, kamfanonin mai kuma su ba ta kashi 3 cikin ɗari na kasafinsu na shekara. A 2008 shugaba Umaru Musa Ƴar'aduwa ya ƙara da ma'aikata sukutum ta harkokin Neja Dalta, wadda ta yi shekaru 16 kafin a narkar da ita cikin ma'aikatar raya yankuna a 2024.

Mai karatu zai lura cewa duk lokacin da wata hukuma ta gaza, sai a kafa wata a kanta, da sabon suna da sabon kasafi, ba tare da an tsaya an binciki inda ta farko ta zubar da nata ba. Misali biyu sun isa su nuna sakamakon haka. Ginin hedikwatar hukumar a Fatakwal an aza harsashinsa a 1996, zamanin OMPADEC, ba a buɗe shi ba sai a 2021, watau bayan shekaru 25. Babbar hanyar nan ta Gabas zuwa Yamma, wadda ta tashi daga Warri ta bi ta Fatakwal ta nufi Oron, an ba da kwangilarta a 2006, amma aka shafe fiye da shekaru 15 matafiya suna fama da ramuka da ambaliya a kanta.

Yadda kuɗin suke zurarewa

A watan Oktoba na 2019 shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a yi wa littattafan NDDC binciken ƙwaƙwaf. An miƙa rahoton a watan Satumba na 2021. Ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, wanda ya karɓa a madadin shugaban ƙasa, ya bayyana cewa daga 2001 zuwa 2019 an ware wa hukumar kimanin naira miliyar 6,000. Ya ce an tarar da ayyuka 13,777 waɗanda aka yi wa algus ko aka yi watsi da su, an kuma tarar hukumar tana da asusu 362 a bankuna dabam-dabam. Bayan wannan sanarwa aka yi shekaru ba a buga cikakken rahoton jama'a su karanta ba.

Hanyoyin ɓarnar ba ɓoyayyu ba ne, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya san su. Ta farko ita ce kafin alƙalami. A ba ɗan kwangila aikin gina makaranta, a biya shi wani kaso domin ya fara, ya haƙa harsashi, ya kafa allo mai ɗauke da sunan aikin, sa'an nan ya ɓace. Da yake ya riga ya raba kuɗin da waɗanda suka ba shi aikin, babu mai neman sa. Ta biyu ita ce aikin gaggawa. Idan aka ce aiki na gaggawa ne, sai a tsallake gasar ƴan kwangila, a ba wanda aka ga dama. Ta uku ita ce zaɓen aikin da ba ya aunuwa, kamar yashe ƙorama ko share ciyawar da ke rufe fuskar ruwa, irin wadda masuntan Yamai su ma suka sani. Da damina ta faɗi, ciyawa ta dawo, wa zai iya rantsewa an yi aikin ko ba a yi ba? Ta huɗu ita ce yawan asusu, domin kuɗin da aka warwatsa a wurare 362 babu akawun da zai iya bin sawunsu.

Jama'a sun ga wani ɓangare na wannan al'amari da idonsu a watan Yuli na 2020, lokacin da majalisar dokoki ta kira shugabannin hukumar su yi bayani. Muƙaddashin shugabanta, Kemebradikumo Pondei, ya amsa cewa an raba wa ma'aikatan hukumar fiye da naira miliyar 1 da sunan tallafin annobar korona. Ana cikin yi masa tambayoyi a majalisar wakilai, ya kife a kan teburi, aka fita da shi. A wannan zama kuma ministan yankin, Godswill Akpabio, ya ce da yawa daga cikin kwangilolin hukumar ƴan majalisa ne suke samun su, maganar da ƴan majalisar suka musanta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: idan ana zargin mai sa ido da cewa shi ma yana cikin masu cin kwangila, to, sa idon ya zama wasa.

Gwamnonin da suka ci amana

Kashi 13 cikin ɗari da tsarin mulki ya tanada ba hannun ƙauyukan da ake haƙo mai yake shiga ba, baitulmalin jiha yake shiga, inda gwamna ke da ta cewa. Gwamnoni biyu sun nuna abin da kan faru. Diepreye Alamieyeseigha, gwamnan Bayelsa, jihar da Oloibiri take ciki, an kama shi a Landan a watan Satumba na 2005, aka tarar da tsabar kuɗi kimanin fam miliyan 1 a gidansa na can. Ya tsallake beli ya gudo gida, majalisar jiharsa ta tsige shi a watan Disamba, ya amsa laifi a kotu a 2007, sa'an nan shugaba Goodluck Jonathan ya yi masa afuwa a 2013. James Ibori, wanda ya mulki jihar Dalta daga 1999 zuwa 2007, wata kotu a Asaba ta kori tuhuma 170 da aka yi masa a 2009. Amma a 2012 ya amsa laifin zamba da halatta kuɗin haram a gaban kotun Landan, aka yanke masa ɗaurin shekaru 13. Da ya dawo gida a 2017, magoya bayansa sun tarbe shi da kiɗa da rawa.

Ruwa da ƙasa sun lalace

Da a ce sata ce kaɗai, da talaka ya koma ga komarsa da fartanyarsa ya ci da kansa. Sai dai malalar mai ta ɓata masa su duka. A watan Agusta na 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a kan ƙasar Ogoni. A garin Nisisioken Ogale ta tarar mutane suna shan ruwan rijiya mai ɗauke da sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, har ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Rahoton ya ce gyaran ƙasar zai ci shekaru 25 zuwa 30, ya kuma nemi a fara da dalar Amurka miliyar 1. Ba a ƙaddamar da aikin ba sai a watan Yuni na 2016. A garin Bodo, inda bututun Shell ya fashe a 2008 ya kashe kifi da itatuwan bakin ruwa, sai da masunta suka kai ƙara Ingila kafin kamfanin ya yarda ya biya su fam miliyan 55 a 2015. Iskar gas da ke fitowa tare da mai kuwa, dokar 1979 ta ce a daina ƙona ta a sarari daga 1984, amma aka yi ta ɗage wa'adin, kamfanoni suna biyan tara suna ci gaba da ƙonawa.

Mutanen yankin ba su yi shiru ba. Marubucin nan Ken Saro-Wiwa ya jagoranci ƙungiyar Ogoni cikin lumana, gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye shi tare da mutum 8 ranar 10 ga Nuwamba 1995. Bayan shekaru 10 samari suka ɗauki bindiga, suna fasa bututu suna sace ma'aikatan kamfanoni, har haƙar mai ta ragu ƙwarai. A 2009 shugaba Ƴar'aduwa ya yi musu afuwa, aka yi wa kimanin mutum 30,000 rajista, ana ba kowane naira 65,000 a wata. Rikici ya lafa, amma darasin da samari suka ɗauka mummuna ne, watau gwamnati ta fi saurin jin ƙarar bindiga bisa ga kukan masunci. Wasu kuma suka shiga satar ɗanyen mai suna dafa shi a cikin kurmi, har daga 2016 baƙin toka ya riƙa sauka a kan rufin gidaje da tufafin mutanen Fatakwal.

Abin lura

A 2021 Nijeriya ta yi sabuwar dokar man fetur, wadda ta ce kamfanoni su riƙa zuba kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsu cikin asusun amana na garuruwan da suke aiki a ciki. Manufar ita ce kuɗi su isa ƙauye ba tare da sun biya ta hannuwa da yawa ba. Amma tarihin shekaru 60 ya nuna yawan kaso shi kaɗai ba ya gina asibiti. An gwada kashi 1.5, an gwada 3, an gwada 13. Abin da ya yi ƙaranci a dukan gwaje-gwajen nan shi ne a bayyana wa jama'a nawa aka karɓa, a sa mai bincike wanda ba ya cikin masu cin kwangila, a kuma hukunta wanda ya ci.

Wannan labari ya shafi Nijar, domin ita ma ta shiga sahun ƙasashe masu mai. Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ ta kusa da Damagaram ta fara tace man Agadem, a 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kilomita kimanin 2,000 zuwa gaɓar teku a ƙasar Benin. Dokar man fetur ta ƙasa ta keɓe wa ƙananan hukumomin yankin da ake haƙowa kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da ta lissafa. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shafa ruwan kuwa yana farawa ne daga tambayoyi huɗu, waɗanda ya kamata ma'aikaci ya iya amsawa, talaka kuma ya iya yi ba tare da tsoro ba: nawa ne kason garinmu na bana, wane aiki aka ce za a yi da shi, wa aka ba kwangilar, kuma wace rana za a miƙa aikin?