Ranar da Yunwa Ta Shiga Kotu a Indiya

A shekarar 2001 fari ya addabi jihar Rajasthan ta Indiya, yunwa tana ta kashe talakawa a ƙauyuka. A daidai lokacin kuwa rumbunan gwamnati maƙil suke da alkama da shinkafa fiye da tan miliyan 50, wasu har suna ruɓewa. Ga abinci, ga mayunwata, amma babu mai ikon cewa a buɗe.

Sai wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam mai suna PUCL ta garzaya Kotun Ƙoli. Ba sadaka ta je roƙo ba. Hujjarta ita ce sashe na 21 na tsarin mulkin ƙasar ya ba kowa haƙƙin rayuwa, wanda aka bari yunwa ta ci shi kuwa an tauye masa wannan haƙƙi. Alƙalai suka gamsu. A ranar 28 ga Nuwamba 2001 kotu ta umarci jihohi su riƙa ba yaran firamaren gwamnati dafaffen abincin rana, aƙalla kwana 200 a shekara. Shirye-shiryen tallafi da a da gwamnati ke yi in ta ga dama suka koma wajibi. A 2013 majalisa ta kafa doka da ta ba kusan kashi biyu cikin uku na al'ummar ƙasar kilo 5 na hatsi kowane wata a farashi mai rahusa.

Yunwa dai ba ta ƙare a Indiya ba, kuma har yau ana kukan karkatar da hatsin. Amma wanda aka hana rabonsa yanzu yana da inda zai kai ƙara, abin da mai jiran kyauta ba ya da shi.

A Najeriya ma babi na 2 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci wadataccen abinci da matsuguni ga kowa, sai dai sashe na 6(6)(c) ya ɗaure hannun kotuna a kansa. Abin lura shi ne Indiya ma tana da irin wannan shinge, alƙalanta suka zagaye shi ta ƙofar haƙƙin rayuwa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce 'yan Najeriya miliyan 133 ke cikin talauci mai fuskoki da yawa, mafi yawansu a Arewa. Shekara guda bayan haka aka saka batun haƙƙin abinci cikin tsarin mulki, amma a wancan babi na 2 aka ajiye shi.